Ƙwai Biyu, Mataji Biyu

Wata uku ɗan yayana ya ba ni. A bakin ƙofar asibiti ya faɗa, mabuɗin motarsa a hannu. Ya ce, "Gwaggo, bayan wata uku zan dawo. In na tarar da Baba a kwance kamar yadda yake yanzu, zan tafi da shi Kumasi. Kada ki ce ban gaya miki ba."

Na ce na ji.

Yayana mai rubutun fenti ne. Kusan shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Tamale, a rumfarsa da ke gindin wata darbejiya a bakin titin Kaladan. Kowa Masta yake ce masa. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ɗaya ne, yana aiki a Kumasi. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki gwangwanin fenti, sai ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ranar da aka sallame shi, hannun da yake rubutu da shi yana lilo kamar hannun rigar da aka rataye.

Ni na san Kumasi. Shekara goma sha tara na yi ina ɗaukar kayan mutane a kai a kasuwarta, har wuyana ya daina juyawa sosai. Na san gidan yaron ma. Yana bayan gari, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Shi da matarsa suna fita da safe, sai magariba. Ɗaki mai kyau za su ba shi, da fanka da talabijin. Yaron ba mugu ba ne. Amma na ga tsofaffin da aka kai irin waɗannan ɗakuna, ba sa daɗewa. Da na tambayi yayana ko yana son tafiya, sai ya girgiza kai, ya juya fuskarsa bango. Ban sake tambaya ba.

Na bar wa maƙwabciyata tukunyar kokon da nake sayarwa a unguwar Changli, na ɗauki tabarmata na koma ɗakinsa a Kaladan.

Matar da ke motsa masa gaɓoɓi a asibiti ta ja ni gefe ta ce in riƙa sa shi magana, ko yana so ko ba ya so. Ta ce in ya yi shiru wata guda, harshen zai saba da shirun. Ban gaya mata ba cewa ta ba wa wadda ba ta dace ba wannan aiki. Ni ba mai magana ba ce. Kuma ni da yayana ba mu da hira. Shi aka sa a makarantar boko. Ni ina shekara bakwai aka ba wa ƙanwar babanmu riƙona, na shiga talla. Shekara biyu kawai na yi a makarantar allo, ita ma da yamma, in an sayar da kaya. Muka girma gari ɗaya, tsakaninmu sai gaisuwa da zumuncin Sallah.

Mako biyun farko ga duk hirarmu:

"Yaya, za ka ci?"

Ya ɗaga kai.

"Yaya, ruwa?"

Ya girgiza kai.

Wata rana ina shara na jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado. Yana da nauyi, gindinsa ya ruɓe, sai ya ɓalle. Wasu farantan kwano suka zube ƙasa da ƙara. Kowanne ya kai tafin hannu biyu, an huda siffar harafi ɗaya a tsakiyarsa, gefensa duk busasshen fenti. Shi sitensil yake kiransu. Ni har yau faranti nake cewa. Na fara tattara su ina jefawa cikin bokiti yadda na ga dama. Sai na ji wani sauti daga gado, irin na mai jin haushi. Tun da ya faɗi ban ji ya yi fushi ba. Yana nuna bokitin da hannun hagu, idonsa ya yi ja.

Na ɗaga ɗaya, mai zagayayyen rami. Na ce, "Wannan ƙwan ne ba ka so in jefa?"

Ya daɗe yana kokawa da leɓensa. Ya ce, "O."

"Me?"

"O."

Miyau ya zubo masa a haɓa. Na goge masa da bakin zanina, na ɗaga wani. Ranar mun yi faranti shida kafin ya gaji.

Sunayensu na Turanci ba sa zama a kaina, don haka na ba su nawa. O ƙwai ne. E mataji ne mai haƙori uku. F mataji ne da haƙorinsa na ƙasa ya karye. L fartanya. S maciji. D mai ciki, B mai ciki biyu, R mai ciki da ta miƙe ƙafa. Da na faɗi wannan na ƙarshe, rabin fuskarsa ya yi dariya. Ɗaya rabin bai motsa ba.

Na je wurin wani maƙwabci mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar kaya da shi. Na ce ya riƙa kai mu rumfa da safe. Muka ɗora kujerar roba a baya, na ɗaure ta da igiya, na zauna a ƙasa ina riƙe da ƙafar yayana. Mun tarar awaki sun mayar da rumfar ɗakinsu. Na share, na wanke benci. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wasu su gaishe shi da Hausa, wasu da Dagbanci, yana amsa musu da "Naa" irin ta Dagomba da ƙyar. Manyan ayyuka dama sun daɗe da komawa wurin masu inji, waɗanda ke bugawa a leda. Abin da ya rage wa irin yayana shi ne ƙananan alluna: mai ɗakin haya, mai abinci, mai sayar da iri.

A rana ta uku wani dattijo ya zo da guntun katako, yana son a rubuta cewa yana da ɗakin haya. Ya ga hannun Masta, ya fara ba da haƙuri zai juya. Yayana ya dube ni. Na karɓi katakon.

Ga yadda muka riƙa yi. Zan ɗora masa allon a cinya. Da hannun hagu zai ja layi da alli, ya raba gurabe, ya sa 'yar alama a kowane gurbi. Hannun yana rawa, amma awonsa bai taɓa kuskure ba. Sai ya nuna gurbi da sanda, ya faɗi harafin. Ni in nemo farantin, in danne shi, in dangwali fenti da guntun soson katifa in riƙa bubbugawa a ramin. In ɗaga, harafi ya fito.

A kan allon dattijon nan na yi ɓarnata ta farko. Kalmar ɗaki ta Turanci tana da ƙwai biyu a jere, mu kuwa farantin ƙwai ɗaya gare mu. Na buga na farko, na ɗaga, na matsa gefe na danna. Gefen farantin ya hau kan ɗanyen fentin, ya shafe shi. Yayana ya doka sanda a ƙasa.

"Jira," ya ce.

"In jira me?"

"Ya... bushe."

Daga nan na gane abin da ya sa yake tara aiki. In kalma tana da harafi iri ɗaya biyu manne da juna, dole ka buga ɗaya ka jira. In allo ɗaya ne, zaman banza za ka yi. In alluna biyar ne masu irin wannan harafi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana buga na farko, kafin ka zagayo na farkon ya sha iska. Don haka a kansa kalmomin Turanci ba a jere suke kamar na 'yan makaranta ba. Gida-gida suke, bisa ga harafin da suka haɗa. Haka ya koya mini su, ni kuma na ga hanyar da zan sa shi magana.

Gidan ƙwai biyu muka fara. ROOM ɗaki. FOOD abinci. GOOD mai kyau. DOOR ƙofa. WOOD katako. COOL mai sanyi. BOOK littafi. Zai faɗi kalmar, in ce ban ji ba. Ya sake faɗa. In tambayi ma'anarta. Sa'an nan ya jero mini haruffanta da baki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in mayar masa da sunayena: karyayyen mataji, ƙwai, ƙwai, mai ciki. Na haddace su kamar yadda ake haddar sura. Wani lokaci na ji sarai, amma sai in ce ya maimaita. Ya gane. Ya ce, "Kurma." Na ce, "Na gode, ƙaro wata kalmar."

Bayan su sai gidan mataji biyu. SEED iri. FEED abincin dabbobi. BEEF naman sa. FREE kyauta. SWEET zaƙi. Na tambaye shi me ya haɗa iri da kyauta har suke gida ɗaya. Ya ce babu. Na ce to Bature bai iya raba gida ba. Sai gidan fartanya biyu: SELL sayarwa, CALL kira, WELL rijiya, SMALL ƙarami.

Da azahar, in ya kishingiɗa, sai in shiga unguwa neman aiki. Ba kowane aiki nake karɓa ba, sai wanda ya faɗa gidan da muke ciki a makon. Wani mai aski ya tare ni a Changli yana son allo. Na tambaye shi abin da za a rubuta, ya faɗa, na ji babu ƙwai babu mataji. Na ce, "Ba makonka ba ne." Ya ce, "Hajiya, allo ma sai an duba wata?" Na ce, "Sai an duba." Wata Bafulatana mai kawo nono daga rugagen bayan gari ta ce a rubuta mata wani abu a jikin kularta, ko mene ne, don ta ga na wasu da rubutu. Muka sa mata SWEET da COOL. Ta tambayi ma'anarsu, na gaya mata da bakina. Wannan ne karo na farko da na fassara wa wani Turanci.

Wata rana muna cikin gidan ƙwai ya faɗi wata doguwa, mai maciji a gaba da fartanya a baya.

"SCHOOL," ya ce.

"Ma'anarta?"

Ya ce, "Makaranta."

Na ce, "Wannan na san ta. Can aka kai ka."

Ya sunkuyar da kai yana murza allin da ke hannunsa har ya zama gari. Can ya ce, "Na... ga lokacin da... aka tafi da ke. Ina bayan ƙofa."

"Shekararka nawa?"

"Goma."

"To me ɗan shekara goma zai yi? Faɗi haruffan."

Ya faɗa. Ba mu sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar ya daina ce mini "ke", ya koma "ƙanwata", yadda ban ji ba tun muna yara.

Wata biyu muka yi haka. Ya fara haɗa kalma huɗu, biyar. Yana tashi da sanda daga kujera zuwa benci. Na fara cewa a raina mun tsira.

Saura kwana tara yaron ya zo, sai wani direban babbar mota ya tsaya a rumfa. Tsohon mai kawo masa aiki ne. Ya yi sabon fenti, yana son rubutu a bayan motar, irin mai lanƙwasa da jela da inuwa, wanda ake yi da buroshi kai tsaye. Wannan faranti ba ya yin sa. Da shi aka san Masta a tashoshin garin nan. Na ce wa direban ba ma yi yanzu. Yayana ya ce, "Kawo buroshi." Muka kai shi bayan motar, na riƙe shi. Ya ɗaga hannun hagu ya ja layi ɗaya. Layin ya tafi a karkace, fenti ya gangaro kamar hawaye. Ya sake ja. Ya fi na farko muni.

Da direban ya yi faɗa, da ya fi. Sai ya ciro tsumma ya goge da kananzir da kansa, yana cewa, "Ba komai, Masta, ba komai. Allah ya ƙara sauƙi. Ka huta kawai." Ya dafa kafaɗarsa, ya hau mota ya nufi wurin masu inji.

Washegari mai motokin ya zo, yayana ya ƙi tashi. Na ce, "Yaya, rana tana yi." Ya juya bango. Na kawo akwatin faranti na ajiye a gaban gado, na ɗaga ƙwai. Ya rufe ido. Na yi masa faɗa. Na ce, "Ka san ranar Asabar ta sama yaron nan zai zo. In ya same ka haka, ka san inda za ka." Ya ce, "Ya zo." Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Kwana huɗu mai motokin yana zuwa yana komawa.

Akwai aikin da muka riga muka karɓa. Wata Badagomba mai gidan abinci a unguwar Kanvili, mai tuwon zafi da miyar ayoyo, ta shafe bangon shagonta da farin fenti tana jiranmu. Kalma huɗu take so, manya: GOOD FOOD a sama, COOL ROOM a ƙasa, don ta sa fanka a ɗakin cin abincin. Duk 'yan gidan ƙwai biyu ne, duk na haddace su. Na ce ba zan bari a ce Masta ya saɓa alkawari ba. Ranar Litinin na ɗora akwatin a kai, na tafi ni kaɗai.

Na ja layi da zare, na raba gurabe yadda na ga yana yi. Sai na tsaya. Duk wata biyun nan shi ke nuna mini gurbi da sanda, kuma saboda jiran bushewa ba mu taɓa bin kalma a jere ba. Mu buga nan, mu tsallake, mu dawo. Na san wane harafi ke bin wane a baki. Ban taɓa lura da gefen da suke farawa a allo ba. Ban ma san akwai abin lura ba. Na yi bisimilla na fara daga dama, yadda malam ya koya mana a allo, yadda ake fara duk abin kirki.

Na buga ƙwayayen farko, na zauna jira. Matar ta kawo mini tuwo na ci. Na tashi na ƙarasa. Da na ja baya na duba, wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, kamar na ga mutumin da na sani sanye da rigar wani. Na ce ko don bango ya fi allo faɗi ne. Haruffan sun fita tsaf, babu inda fenti ya zuba. Akwai wani ƙaramin faranti mai siffar tauraro da yayana ke bugawa a ƙasan kowane aikinsa, duk garin an san alamarsa ce. Na buga shi. Matar ma ba ta karatu. Ta yaba, ta ƙulla mini nama in kai wa Masta.

Ranar Alhamis da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ita ce, ta tuƙo kanta, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Ina Masta?"

"Yana kwance, ba shi da lafiya."

"Ni ma ba ni da lafiya. Kwana uku tica-tica suna zuwa ci abinci, suna tsaya a waje suna dariya. Ni ina tsammani miya ne ya yi daɗi. Yau ɗaya ya gaya mini. Ya ce rubutu duka baya-baya ne. Har ya ɗauka hoto ya sa a waya."

Na ce, "Ni na yi. Ki yi magana a hankali."

"Ke wa ya san ki? Tauraro suka gani. Suna cewa ciwo ya shiga kan Masta, yanzu kansa ya juya. Wani ya ce a daina ba shi aiki, a bar tsoho ya huta."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, labule kawai. Daga ciki na ji an ce, "Kawo."

Muka shiga. Ya riga ya tashi zaune da kansa. Ta miƙa masa wayar da hoton bangon. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni.

"Daga ina kika fara?"

"Daga dama."

"Don me?"

"Da dama ake fara komai."

Ya ajiye wayar a kan gado. Ya ce, "Wata biyu kina danna faranti a gabana, ba ki taɓa tambaya ta wane gefe Bature yake fara rubutunsa ba?"

Tun da ya faɗi bai yi magana mai tsawon wannan ba, kuma babu inda ya tsaya. Na lura, amma ban nuna ba. Na ce, "Wata biyu kana nuna mini gurbi da sanda kamar mai kora akuya, ba ka taɓa gaya mini ba."

Matar ta ce, "Ku ƙarasa faɗa a Kanvili. Ni bango na nake so."

Ya ce, "Ba ni rigata."

Daga baya wasu sun ce da gangan na yi don in tashe shi. Ba da gangan ba ne. Ba ni da wannan wayon. Rashin sani ne, kuma na ji kunya har cikin ƙashina.

Ranar Juma'a da safe muka je na shafe bangon da farin fenti, shafi biyu, yana zaune yana nuna inda baƙin ke leƙowa. Dole ya kwana ya bushe. Rubutun ya faɗa ranar Asabar. Na ce masa, "Yau yaron zai zo. Mu bari sai Litinin, ya same ka a gida da wanka da farar riga." Ya ce tauraronsa ba zai ƙara kwana a bakin mutane ba.

Bango ba ya hawa cinya. Dole ya miƙe tsaye kafin ya zana gurabe. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa ta dama, na riƙe shi ta ƙugu. Na sha ɗaukar buhunan masara da suka fi shi nauyi. Ya kama hannuna ya kai shi ƙarshen bangon na hagu, ya danna a kan siminti.

"Nan," ya ce. "Kullum nan."

"Na ji."

"Faɗi."

"Daga hagu."

Masu cin abinci suka fito da kwanoninsu suna kallo. Muka buga layin sama, ban da ƙwayaye na biyu. Muna cikin layin ƙasa, wajen la'asar, na ji mota ta tsaya a bayanmu. Ban juya ba, don in na juya zai faɗi. Yaron ya je Kaladan ya tarar da ɗaki a kulle, maƙwabta suka kwatanta masa.

Ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gwaggo, mai hawan jini kika tsayar a rana?"

Gaskiyarsa ce. Zufa ta jiƙa rigar uban, ƙafarsa mai lafiya tana karkarwa. Na ce, "Na yi laifi a nan."

"In ya faɗi fa?"

"Ina riƙe da shi."

"In kin gaji fa? Ke ma ba yarinya ba ce."

Na ƙara gyara kafaɗata a ƙarƙashin hammatar uban.

Uban bai ko gaishe shi ba. Ya miƙa masa farantin ƙwai, fenti na ɗiga. Ya ce, "Kai, riƙe nan." Yaron yana sanye da farar shadda. Ya dubi farantin, ya dubi rigarsa, ya karɓa. Uban ya nuna masa gurbi, ya danne, na bubbuga soso da hannu ɗaya. Da ya ɗaga, sai ya matsa gefe zai danna na biyu nan take. Ni da uban muka ce masa ya jira, baki ɗaya.

Muka zaunar da uban a inuwa. Mai abincin ta kawo ruwa da tuwo kwano uku, ta ce wa yaron, "Kai ne ɗan Kumasi? Ci, ka rame." Babu abin yi sai jiran fenti. A wannan zaman ne yaron ya juya ya fuskanci ubansa. Tun daga asibiti, ni yake yi wa magana a kan uban, kamar ba ya wurin.

"Baba, na gyara maka ɗaki. Asibiti yana kusa. Jikokinka suna tambayarka."

Uban ya gama tauna lomarsa. Yana cin lokaci kafin ya haɗiye. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka kawo su hutu."

"Baba."

"Ina da aiki ranar Talata. Mai sayar da iri. Allo uku."

"Hannunka ba zai dawo ba, Baba. Likita ya gaya mini."

"Na sani. Ga hannu." Ya nuna ni da haɓa. "Ba ta da kai, amma tana da hannu."

Mai abincin ta yi dariya har ta dafa bango, na ce ta ɗauke hannunta daga fentin.

Yaron bai yi dariya ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na tashi na je na taɓa gefen harafi da yatsa, na daɗe a can fiye da yadda ake bukata. Da na dawo ya ce yana da sharuɗɗa. Ba tsayuwa a rana. Magani a kan lokaci, kuma zai riƙa kira ya ji. Asibiti duk wata. Aikin bango an daina, sai allon da za a ɗora a cinya. In kuma ya sake faɗuwa, ko sau ɗaya, zai zo ya ɗauke shi, babu mai yi masa musu.

Na ce na yarda. Uban ya ce bango ɗaya-ɗaya fa. Yaron ya ce babu. Uban ya ce to.

Muka tashi muka buga ƙwayaye na biyu. Yaron ne ya riƙe ubansa wannan karon, ni na danna faranti. Wani daga cikin masu cin abinci ya karanta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, babu wanda ya yi dariya.

Da safiyar Lahadi ya yi shirin komawa. Ya buɗe ƙofar baya ta motar. Ashe ya shimfiɗa bargo a kujerar, ya jera matasan kai biyu, ya sayi robar fitsari da tawul sabo, duk don doguwar hanya. Ya tsaya yana kallonsu. Sa'an nan ya kwaso su duka ya ɗora mini a hannu.

Ya ce, "Ki sa masa ɗaya a bayansa in kuna cikin motokin. Hanyar nan ba ta da kyau."

Ya durƙusa ya yi wa ubansa sallama, ya shiga mota shi kaɗai.